Ranar da Aka Yabi Hancina

Komai na ƙuruciyata zai iya shige mini, amma ba zan taɓa manta ranar da aka fara yabon hancina ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare a Tsafe, ba ni da abin so kamar littattafan soyayya. Duk yarinyar da ake mutuwa a kanta a ciki, hancinta dogo ne siriri. Nawa kuwa faffaɗa ne, irin na babana. Har matse shi nake yi gaban madubi, wai ko zai miƙe.

Wata ranar kasuwa ina bayan ɗan kabu-kabu, akuya ta gitta mana, muka zube. Muƙamuƙina ya karye. A asibiti a Gusau likita ya ce za a ɗaure haƙorana na sama da na ƙasa da waya, don haka bututun da zan yi numfashi da shi idan an sa ni barci ba zai bi ta baki ba, sai ta hanci. In ya ƙi shiga, dole a huda maƙogwarona. Wallahi tunanin tabo a wuya ya fi karayar yi mini zafi.

Ina kwance ina ƙiyasta wani saurayin likita mai sanyin murya, sai ga dattijo mai furfura da bututu uku a faranti, ƙarami da matsakaici da babba. Shi ne mai sa barcin. Ya toshe mini ƙofar hanci ɗaya ya ce, "Ɗiyata, shaƙa." Ya koma ɗayar. Ya ce ta dama ta fi buɗewa. Sannan ya ɗora bututun a gefen fuskata ɗaya bayan ɗaya, daga hanci zuwa wuya.

Inna ta ce, "Malam, ka sa mata ƙaramin mana."

"Hajiya, ƙaramin gajere ne, ba zai kai inda ake so ba. Babban kuma zai fasa mata hanci, jini ya zubo." Ya tsoma na tsakiya a ruwan ɗumi don ya yi laushi. "Wa ta gado a hanci?"

"Ubanta. Kullum cikin kuka da hancin nan take."

"Kuka? Masu siraran hancin nan su ke sa ni gumi. Wannan ai titin Funtuwa ne, ko tirela ta wuce."

Dariya ta taso mini, bakin ya hana.

Da na farka, wuyana na fara shafawa. Sumul yake, ko ƙwarzane babu. Makonni na yi ina zuƙar kunu ta tsakanin haƙora, Inna na kirana Mai Titi, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Har gobe ina karanta littattafan nan, ina kuma kuka a inda ake kuka. Amma tun ranar na gane cewa abin da nake rainawa a jikina, Allah bai yi shi a banza ba. Ban sake matse hancina ba.