Hannun Malam Buba da Ƙafar Makiyayi

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Malam Buba Gololo, kuma har yau in aka yabe shi a gabana da ƙyar nake cewa Allah ya jiƙansa.

Tare aka ɗauke mu koyon aikin diresa a Azare, zamanin En'e, muna wanke gyambo muna ɗaura bandeji. Da shekara ta zagayo aka ce mutum ɗaya za a tura Kano ƙarin ilimi. Likitan asibitin bai yi mana jarrabawar takarda ba. Damina ce, kurkunu ya cika gari, sai ya ba kowannenmu majiyyaci guda, ya ce zai gani.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba. Tsutsa ce doguwa kamar zare, tana fitowa a ƙafa. Akan naɗe kanta a jikin ɗan tsinke, kullum a murɗa kaɗan a bari sai gobe. In ta katse a ciki, ƙafa ta shiga uku.

Na fi Buba karatu, kowa ya sani, shi ya sa na ɗauka Kano tawa ce. Majiyyacina wani makiyayi ne, Bello, daga wajen Hardawa. Na ƙudura sai na riga Buba gamawa. Buba ya ga yadda nake jan tsutsar, ya ce, "Sale, bar ta ta huta. Ba da kai take tsere ba." Na ja. Ta katse. Sauri ya haifi nawa: ƙafar Bello ta kumbura kamar turmi, ɗingishin bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah.

Aka zaɓi Buba. Na bi majalisa ina cewa don yana jin Fillanci ne majiyyata suke masa biyayya. Ko tasha ban raka shi ba. Ashe hassada ga mai rabo taki ce.

Bayan shekaru kurkunu ya kama ni. Buba ya dawo babban malamin asibiti, amma kowace safiya sai ya zo zaurena da kansa, ya durƙusa ya murɗa, ya tambayi iyali, ya tafi. Bai taɓa tuna mini Bello ba. Wannan shirun ya fi komai ƙona mini rai.

Jikata Hadiza tana koyon likitanci yanzu. Ta ce manyansu na duba yawan marasa lafiyar da suka gani da yadda suke amsa tambaya. Da Buba na nan, ina jin zai ce a bari sai baɗi, a je a ga yadda majiyyacin ke tafiya.

Buba bai bar gida mai bene ba. Abin da ya bari yana idon sawuna, tabo ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, ina shafa shi duk alwala. Nawa aikin kuwa Bello ya ja shi har kabari. Allah ya jiƙan Buba. Hannun nan nasa, har gobe ina ƙyashinsa.