Yadda Muka Musuluntar da Sojan Ostireliya

A gidanmu na Ƙofa akwai hoton wani Bature a bango, hoton ya girmi babana. Sojan Ostireliya ne, dogo, da malafa a karkace. Kakanmu yana gefensa, rabin fuskarsa kawai ta samu shiga. Tare suka yi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu: Baturen yana kula da alfadarai, Kaka yana cikin masu ɗaukar kaya.

Kaka bai taɓa ba mu labarin kansa ba. Kullum na Baturen ne: ubansa makiyayin tumaki, shi kuma ya fi tsoron matsattsaku a kan harsashi, ya mutu a asibitin soja kafin a gama yaƙi. Da Kaka zai rasu, ya bar wa Iya, kakata, wasiyya ɗaya: duk shekara bayan girbi a dafa shinkafa, a yi sadaka saboda mutumin nan.

To, da wane baki za a tara malamai a ce su yi wa Bature addu'a? Baffa, yayan babana, shi ya gyara lamarin. Shekarar farko ya ce mutumin yana son Musulmi. Ta biyu ya ce idan Kaka na azumi, shi ma ajiye cokali yake. Ina shiga sakandare sai ga shi ya yi kalmar shahada a cikin rami, harsashi na wucewa ta kansa. Gwaggo ta ƙara masa azumin Litinin da Alhamis. Da an bar su, da yanzu ya sauke Alƙur'ani.

Sai aka yi mana sabon liman, matashi mai son tambaya. Ya ce a kawo shaidar musuluntar Baturen, in babu, ba zai zauna addu'ar ba. Iya ta rage cin abinci. Ta ce ba za ta iya haɗa ido da mijinta a can ba idan ta yar da maganarsa.

Ranar sadakar, Baffa ya zare hoton daga gilashi, sai ga rubutun Turanci a baya. Aka kira ni zaure.

"Ke 'yar boko, zo ki karanta," in ji shi. Ya rage murya: "Ki duba da kyau, shahadar tana ciki."

"Baffa, layi uku ne. A ina za ta ɓuya?"

"Wannan bakin naki dai. Karanta."

Na karanta, na fassara yadda yake. Baturen ya rubuta cewa wannan mutumin na gefensa ya goya shi kwana biyu a daji bayan an harbe shi a cinya, kuma duk wanda ya tsinci hoton ya sani. Shi ke nan. Babu rami, babu azumi.

Shekara da shekaru muna haddace tumakin uban wani, babu wanda ya san Kaka ya goyi mutum.

Baffa ya yi gyaran murya ya ce ai dama ya sani, mantawa ya yi.

Liman ya ce shahada dai babu, amma bai taɓa jin an hana ciyar da mutane ba. A raba shinkafa, a yi wa Kaka addu'a, Bature kuma a bar shi da Mahaliccinsa.

Na shiga ciki da hoton na gaya wa Iya, ina jiran zagi. Ta daɗe tana kallon rabin fuskar.

"Shi ya sa bayansa bai taɓa miƙewa ba," ta ce. "Ni ya ce mini jaki ne ya kayar da shi."

Sannan ta ce in zubo mata shinkafa, in cika, kar in yi mata rowar gidanmu.