Baturiyar da Ake Kira Laraba

Ko na tsufa na fara ruɗewa, ranar da maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa a unguwar Ma'adi ba za ta fita daga raina ba. Tsohuwa ce 'yar Masar, ga ciwon zuciya, ni kuwa aikin maigidana ne ya kai mu Alkahira.

Kakarta Baturiya ce, 'yar Turawan Ingilan da suka zauna haƙar kuza a Jos zamanin mulkin mallaka. Tana ƙarama iyayenta suka rasu, waɗansu suka ɗauke ta suka sauya mata sunan uba, daga baya ta auri Bamisire. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana neman asalin kakar, har aka turo mata takardun haihuwa biyu: yara mata, suna ɗaya, shekara ɗaya, iyaye daban. Burinta ta san wacce ce ta kakarta kafin ta mutu, shi ne ta zo neman taimakona.

Raina ya ɗan ɓaci, wallahi. Na ce a zuci, don na fito daga Najeriya sai na san kowane Bature?

Ta miƙo mini wani tsohon hoto, kakar tana jaririya a hannun wata mai raino baƙar fata. Ta ce, "'Yata, kakata tana yawan cewa wannan matar tana kiranta Laraba. Mece ce Laraba?"

Na ce, "Kai, Mama! Ai mu yarinyar da aka haifa ran Laraba ake kira haka. Kawo takardun!"

Muka duba kalanda a wayata. Ɗaya ran Asabar aka haife ta, ɗayar ran Laraba. Tsohuwa ta ɗora yatsa a kan sunayen iyayen ta ran Larabar tana karantawa a hankali, ta ce, "Khalas, shi ke nan, na same su." Ta yi kuka, ni ma na taya ta.

Da ta share hawaye sai ta nuna mai rainon. "Ita kuma yaya sunanta?"

Na juya hoton, bayansa fari fat. Kunya ta rufe ni, don ni kaina ban san sunan kakar mahaifiyata ba, Iya kawai muke cewa. Ranar ban ɗora tukunya ba sai da na kira gida na tambaya.

Tun daga nan na gane cewa asali ba ya jiran kowa. In tsohonka na da rai, tambaye shi yau, har da sunan wadda ta goya shi.