Ƙodar da Na Ba Yayana

A Gashuwa ba sai an yi wa mutum dogon bayanin ciwon ƙoda ba, kusan kowace unguwa akwai gidan da aka yi zaman makoki a kansa. Don haka da likita ya ce ƙodojin yayana sun daina aiki, gwaji kuma ya nuna tawa za ta yi masa, mijina kaɗai na yi shawara da shi. Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da sana'ar busasshen kifin da yake sarowa a Nguru ya yi mini komai har aure.

Aka yi dashen a wani asibiti mai nisa, muka dawo da leda cike da magani. Likita ya ce aikin magungunan danne garkuwar jiki ne, don kada jikin ya ga baƙuwar ƙoda ya far mata. Ya kuma hana shi shiga cunkoso. Yaya fa! Mutumin da ko sunan jikan maƙwabcin abokinsa ake yi sai ya je, kuma sai ya ba kowa hannu.

A damina ta biyu mura ta kama shi. Irin wadda mu muke shan citta mu warke, shi sai ta sauka ƙirji. Aka kwantar da shi a Nguru da robar iska a hanci, aka ce ƙwayar bairas ce ta shiga huhu. Likitan dashen ya bugo waya ya ce a janye magani ɗaya, a rage ɗayan, jikin ya samu ƙarfin faɗa. Aka riƙa ɗibar jininsa a kai a kai, ana duba yawan ƙwayoyin garkuwa, da maganin da ke yawo a jini, da aikin ƙodar. Wata nas ta fahimtar da ni: in maganin ya yi yawa cutar ta cinye huhu, in ya yi kaɗan jiki ya juya kan ƙodar. Na ji tsoro ƙwarai, na ƙi matsawa daga bakin gadon.

Allah ya tashi kafaɗunsa. Aka sallame mu a kan zai riƙa komawa gwaji kowane mako, ana mayar da maganin sannu a hankali. To, amma tun da aka rage maganin rawar hannun da maganin ke sa shi ta daina, ya koma cin burabusko kamar saurayi. Sai ya yanke wa kansa hukunci: ashe maganin ne ciwon.

Matarsa ce ta tsegunta mini ya daina zuwa gwaji. Na same shi a zaure yana duba kwalayen kifi.

"Yaya, an ce ba ka koma Nguru ba."

"Mai lafiya me zai je yi asibiti? Kullum a tsotse mini jini, sai ka ce sauro."

"Ba don huhun ba ne yanzu, don ƙodar ne."

Ya ɗago ya dube ni. "Auta, gori za ki yi mini?"

A gidanmu wanda ya yi kyauta ba ya sake ambatonta, ko da riga ce. Na koma gida ina huci, na tura masa kawu, na tura liman. Kowa ya je sai ya tarar da mutum garau yana raha, ya dawo ya ce in kwantar da hankalina. Ashe ƙoda ba ta kuka sai ta gama lalacewa. Ranar da ƙafafunsa suka kumbura aka auna, likita ya ce jikin ya daɗe da ƙin ta. Aka yi ƙoƙari, ba ta dawo ba.

Har yau abin yana cin raina. Da kalmar nan ba ta shiga tsakaninmu ba, da hannunsa zan kama har tashar mota.

Yanzu wankin ƙoda ake yi masa, kuma ya hana ni raka shi. Bai taɓa ɗauko maganar ba. Sai dai duk ƙarshen wata yakan turo matarsa da mai Keke Napep har ƙofar gidana, a kai ni a auna ɗayar da ta rage mini. In na yi nawar sanar da shi, sai wayarsa ta shigo.

"Auta, kin je?"

Nakan ce na je, Yaya. Daga nan sai ɗayanmu ya kashe wayar.