Furar Bawa na Tondibia

Matso kusa ka ji wani abu, wanda ko jikokina ban taɓa ba su shi cikakke ba. A shekarar farin nan ta tamanin da huɗu ne, bayan damina ta wuce ba ta bar wa kowa komai ba. Wata Juma'a da hantsi ina tsugune a ƙofar gidanmu a Maourey ina wanke kwanoni, shekarata goma, sai ga amalanken jaki ya tsaya. Wani dogon mutum ya diro, tabarma a hammata, ƙullin layu a hannu, wuyansa kamar turmin Inna. Yaran unguwa suka watsar da langa suka kewaye shi. Baba ya taso daga kan keken ɗinki ko zaren bakinsa bai tofar ba, ya riƙe hannun baƙon da hannu biyu ya ce, "Daga yau kai namu ne." Bawa ke nan, ɗan kokowar da mutanen Tondibia suke taƙama da shi, yau ga shi an raba su da shi.

Baba tela ne, daga Dogon Dutse ya zo Yamai da kekensa, kuma bayan salla ba abin da yake so kamar kokowa. Lokacin soja ke mulki, maganar gwamnati ba a yin ta ko a zaure, don ba ka san wanda zai ɗauke ta ya kai gaba ba. To duk gardamar da ke cikin maza sai ta koma kan kokowa. Tsakanin ƙarshen damina da buɗe fili kuwa lokacin zawarci ne, kowace unguwa tana lallaɓar gwanin wata. Su Baba suka haɗa buhun hatsi da ɗaki da alkawarin abinci, Bawa ya amsa. Mutanen Tondibia suka ce da yunwa aka saye musu mutum. Maƙwabcinmu Hamani direban kamiyo, babbar motar kaya, Bazabarme ne, uwarsa ƴar Tondibia, kullum sai ya leƙo shago ya ce da Hausarsa mai karkata, "Fofo tela. Kun sayi doki, kun duba haƙori kuwa?" Baba ya yi dariya ya miƙa masa goro.

Ni shekara biyu kaɗai na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni in taya Inna aiki. Da sassafe layin pampo, in dawo mu surfa jar dawar taimako da sojoji ke rabawa, mai warin buhu, wadda tuwonta ke tsaya wa mutum a ƙirji. Idan na samu sarari mu yi carafke da ƴan duwatsu a gindin dogon yaro. Hatsi mai kyau an ware shi na Bawa ne shi kaɗai, damun furarsa kuma ni aka ba. Ya yi mini ƴar tsana ta kara, yana ce mini ƙanwata. Duk ranar da za a shiga fili, sai ya miƙo mini ƴan ƙwayoyi farare guda biyu a ƙunshin takardar siminti, ya ce, "Murƙushe ki zuba. Na malamina ne, in kin faɗa ya karye." Ban ga abin mamaki ba. A wurinmu ba a tambayar ɗan kokowa asirinsa, ko matarsa ba ta tambaya. Sai in sa bayan cokali in murƙushe su a kan faranti, in dama, ina jin ni ma da hannuna a kowane kaye. Daga baya na gane abin da ya sa bai sha da kansa ba: ƙaton nan mai ɗaga maza sama ba ya iya haɗiye ƙwaya, maƙale masa take yi.

Da sanyi ya shigo aka buɗe fili. Shekarar kowa ya rame, ƴan kokowa ma haƙarƙarinsu a waje, in sun yi kamu biyu sai ka ga suna haki suna dafa gwiwa. Bawa kuwa ya kayar da wannan ya nemi wancan, ido jawur, gumi na zuba, ba gajiya. Makaɗa suka sa masa kiɗa nasa. A filin Banifandou ya ɗaga gwaninsu Sanda ya buga da ƙasa har ƙashin kafaɗa ya karye, aka ba shi rago, aka zo da shi gidanmu da kalangu aka ɗaure a gindin dogon yaro. Ni ce mai kai masa akushi, don haka ni kaɗai na lura ranar kokowa tuwonsa yakan dawo ba a taɓa ba, kashegari kuma ya yini kwance kamar an zare masa laka. Na kuma lura rabonsa na hatsi yawanci ɗanye yake roƙon Inna ta ƙulle masa, ya ba masu amalanke. Ban haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba. Yarinya ce ni.

Sai raɗe-raɗi ya tashi. Wata Lahadi bayan la'asar bencinan ƙofar shago suka cika, har da mutanen Tondibia da na Banifandou, ni kuma ina zaure ina tankaɗe, kunnena na waje. Wasu suka ce ƙarfin Bawa ba na Allah da Annabi ba ne. Wasu suka ce to wane ne ke shiga fili haka nan, kowa da layunsa, kowa da rubutunsa, wani har ƙwai yake binnewa, mene ne bambancin. Wani tsoho ya ce bambancin shi ne laya a ƙirji take kowa na gani, abokin karawarka ma yana da tasa, roƙo ne kuke yi ku biyu. Na Tondibia suka ce a hannunsu Bawa fes yake, a Maourey aka lalata shi. Namu suka ce baƙin ciki ne. Can sai na ji muryar Hamani: "Mu direbobi mun san ta. Komprime ce, ƙwaya, a tasha ake sayarwa. Ka sha biyu, ka kai Agadas ba barci ba yunwa." Baba ya miƙe, ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce a gidansa Bawa ke ci, ɗiyarsa ke dama masa fura, ban da hatsi da nono ba abin da ke shiga cikinsa, kuma a ɗauko Alƙur'ani ya dafa. Aka yi ta ba shi haƙuri ya ƙi. Wani ya tafi masallaci ɗaukowa. Baba ya ɗaga murya, "Ramatu, kawo buta."

Na fito da buta. Ashe Hamani da ƙwayar ya zo yana nunawa, bai rufe hannunsa ba tukuna, tana tsakiyar tafinsa, fara, ƙarama, da tsaga a tsaka. Tsagar nan ce nake ɗora cokali a kai. Mu yaran lokacin mun tashi da tsoron rantsuwar ƙarya fiye da tsoron soja, an nuna mana mutumin da ke yawo tsirara a bakin kasuwa an ce dafawa ya yi. Baba ya miƙo hannu cikin fushi, ya ce in zuba masa. Na zuba ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Ina tuna ƴar tsanata, ina tuna ragon da ke kuka a cikin gida, ina tuna in na faɗa asiri ya karye. Ya wanke ƙafar dama. Ga mai Alƙur'ani ya shigo kwana, ya rungumo shi cikin gafaka.

Na ce, "Baba, kada ka dafa."

Ya ce, "Mi kika ce?"

Na ce, "Irinta nake murƙushe wa Bawa a fura."

Ruwa na ɗiga daga gemun Baba. Hamani ya dunƙule hannunsa ya sunkuyar da kai, shi da ya zo tsokana ne kawai, bai san a cikin gidan abokinsa maganar za ta faɗa ba. Baba ya miƙo ƙafar hagu, na zuba, ya ƙarasa alwalarsa. Sannan ya sa aka kira Bawa. Bawa bai yi musu ba. Ya tsuguna, ƙaton nan, ya ce, "Baba, da ciki wofi ba a kayar da mutum. Hatsin da kuke ba ni yana Tondibia, uwata da ƙannena ke ci." Na ga mutanen Tondibia sun kasa kallon juna.

Gardamar ba ta mutu ranar ba, ta yi makonni, har mata a layin pampo. Wasu na cewa maci amana ne, wasu na cewa a tambayi kafaɗar Sanda, wasu na cewa wanda bai taɓa ganin uwarsa tana dafa dusa ba ya yi shiru. Baba kuwa tun kashegarin ranar da safe ya kwance ragon da hannunsa, ya ja shi a ƙasa tun daga Maourey har Banifandou, ina baya ina kora da tsumagiya, mutane na tsayawa suna kallonmu. Ya ɗaure shi a ƙofar gidan su Sanda, ya gaishe su, muka juyo. Da muka dawo Bawa ya naɗe tabarmarsa. Baba ya sa Inna ta juye masa ragowar hatsin duka. Ya wuce ni a zaure bai ce ƙanwata ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Baba bai doke ni ba, bai kuma taɓa ce mini na kyauta ba. Filin kokowa dai bai sake takawa ba. Amma tun daga ranar, ga yayyena maza a gida, in lokacin salla ya yi ni yake kira in kawo buta, har aka kai ni ɗakin miji.

Yanzu jikokina kan cika mini ɗaki suna gardamar ƙwallo a gaban tele, an sayar da wane zuwa ƙungiyar wane, an auna fitsarin wane an kama shi. Suna yi suna dariya, don mutanen nan ba su taɓa cin tuwon gidansu ba. Mu namu a zaurenmu yake, mun san girman akushinsa. Har yau in na dama fura sai na dubi cikin ƙwaryar kafin in miƙa. Ban yi nadamar abin da na faɗa ba, kewar Bawa kuma ba ta bar ni ba. Kai fa, da butar nan a hannunka take, da sai yaushe za ka buɗe baki?