Farin Yadin Yaya Sakinatu

Yayata Sakinatu, Allah ya jiƙanta, ba ta iya ba da abu kaɗan ba. Ka roƙe ta gishiri, sai ta haɗo maka da daddawa da faɗa. A Jugu aka haife mu, gidan fataken goro. Aure ya kai ta Paraku, unguwar Ganu, ta kafa rumfar yadi a kasuwar Arzeke. Bakinta kuwa sai wanda ya ji. Yaren Dendi, na Yom, Baribanci, Fillanci, duk tana ciniki da su, tana kuma zagi da su in ta kama.

Wannan bakin ne ya sa Mushe Badamasi, wato Malam Badamasi a bakin masu Faransanci, malamin asibitin da ke zagaya ƙauyuka tun ana kiran ƙasarmu Dahome, ya riƙa ɗaukarta ta yi masa tafinta. Kurkunu ne ya addabi mutane a lokacin. Damina na faɗuwa tsutsar za ta huda ƙafa, ƙato ya kwanta yana naɗe ta a tsinke, ciyawa ta cinye gona. Mushe ya ce rigakafin ba wuya, a tace ruwan tafki da ƙyalle mai ƙaramin ido kafin a sha, don ruwan da ka sha bana shi ke fito maka a ƙafa baɗi.

A wani ƙauye bayan Jugu Yaya ta shaƙu da wata tsohuwa, Inna Tambaya. Ɗa ɗaya gare ta, Mahamadu, shi ke nome musu abinci. Kurkunu ya kayar da shi a daminar da ta wuce, rumbu ya tashi wayam, ya rantse in abin ya ci gaba zai bar garin ya tafi Gana neman aiki. Tsohuwar ba ta da kowa sai shi.

Mushe ya ce kowane tsumma mai tsabta ya isa. Yaya ta riƙe baki.

"Tsumma? Ni ɗiyar Alhaji Ladan in kai wa mutane tsumma? Mushe, ka rufa mini asiri."

Ta sauko da farin yadi mafi kyau a rumfarta, ta yanka wa kowane gida ba tsumulmula. Ta kira ni daga Jugu muka yi ta kalmasa baki har yatsuna suka yi kanta. Ta ninke kowanne tsaf, ta ɗora goro fari a kai, yadda ake kyauta a gidanmu. Na Inna Tambaya ya fi na kowa girma. Ta raba, ta yi bayani da yare uku, mata suka durƙusa suna godiya, ta dawo tana hura hanci.

Damina ta sake faɗuwa, muka koma tare. Tun daga bakin gari na ga jikin Yaya ya yi sanyi, gonaki duk ciyawa. A ƙofar Inna Tambaya muka tarar da Mahamadu a tabarma, ƙafa ta kumbura, ga tsinke. Ya gaishe mu bai ɗago ido ba, ya ce da ya miƙe zai kama hanya.

"Inna, ina yadin da na ba ki?" in ji Yaya.

Tsohuwa ta shiga ɗaki ta fito da kwalla, ta buɗe. Ga shi nan a ƙasa, ninkin hannun Yaya ko warwarewa bai yi ba, sai ƙamshin turare.

"Ɗiyata, abin da aka kawo da goro a kai, ta yaya zan tsoma shi a taɓo? Na ajiye shi cikin likkafanina. Ba wanda ya taɓa yi mini kyauta irin wannan."

Ashe duk garin haka suka yi. Wasu sun adana wa 'ya'yansu na aure, wasu sun yi mayafin Idi.

Na ɗauka Yaya za ta tara musu jama'a da masifa. Wallahi sai ta zauna dirshan a ƙasa ta fashe da kuka, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba ko a rasuwar babanmu. Ta ce, "Ni na kwantar da yaron nan. Ni da son a yabe ni." Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushinta, don ni ma yatsuna sun sha wuya a banza.

Inna Tambaya ta daɗe tana kallon ƙafar ɗanta. Sannan ta sa haƙori a bakin yadin nan, ta keta shi gida biyu, ta sake ketawa. Ta ɗaure guda a bakin randa, ta ɗebo ruwan tafki ja wur ta zuba a kai, sauran ta aika wa maƙwabta.

"Mahamadu, ka ba ni damina ɗaya," ta ce. "In ka tsaya da ƙafarka, ranar da na mutu kai za ka nemo mini wani likkafanin."

Mahamadu kuwa bai tafi ba.

Daga nan Yaya ta koma raba ƙyalle mafi muni a Arzeke, ba kalmasa, ba goro. Wurga wa mata shi take yi tana harara, duk da na san abin yana cin ranta. Baɗi da kaka tana gidanmu na Jugu aka yi sallama. Mahamadu ne da doya a ka, tun daga ƙauye ya tako da ƙafa. Ya ce Inna tana gaisuwa, ta ce a gaya wa ɗiyarta rumbu ya cika.