Kofin Malama Maimaita

Ƙungiyar muhawara ta kwalejinmu ta ɗauki kofin gasar kwalejoji ranar Asabar, karo na farko a tarihinta. An yi zagayen ƙarshe a babban zauren jami'ar da ta karɓi baƙuncin gasar, kuma bakin alƙalan duka ya zo ɗaya. Matar da ta kafa ƙungiyar ba ta hau dandamali ba. Tana layin baya, rungume da jakunkunan ɗalibanta.

Malamar tarihi ce, kuma ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya. Ɗalibai na kiranta Malama Maimaita. Kusan shekara talatin ke nan, da an tashi daga darasin yamma sai ta buɗe ƙaramin ɗakin da ke bayan laburare, ta jera kujeru layi biyu suna kallon juna, ta zauna a tsakiya. Dokar ɗakin guda ce: ba ka da ikon rushe hujjar abokin karawarka sai ka maimaita ta da bakinka, har shi da kansa ya ce, "E, haka nake nufi."

Da ɗalibai huɗu ta fara, kuma a gasarsu ta farko su ne suka zo na ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu lauya ne, ya ce mini: "Wallahi mun tsani dokar nan. Mu mun zo koyon kayar da mutane, ita kuma saurare take koya mana. Na taɓa ce mata, 'Malama, lokaci fa muke ɓatawa.' Sai ta ce, 'To maimaita abin da na faɗa tukuna.' Na kasa."

Shekaru da dama alƙalai na rage wa ƙungiyar maki saboda lokacin da take kashewa kan hujjar wasu. Abokan aikin Malama suka ba ta shawarar ta jingine dokar. Ba ta jingine ba, sai ta koya wa yaran taƙaitawa. Mijinta ya ce shi ma bai tsira ba: "Ko a kan tashar rediyon da za a kama muka yi musu, sai na maimaita nata kafin a saurari nawa."

Ranar Asabar batun shi ne a hana ɗalibai shiga aji da waya, namu kuma su ne masu adawa. Mai magana ta ƙarshe a ɓangarenmu, ɗalibar ajin ƙarshe, ta tashi ta jero hujjar ɗaya ɓangaren tsaf, fiye da yadda su suka jero ta. Shugaban kwalejinmu ya sunkuya ya tambayi mataimakinsa, "Yarinyar nan ta manta ɓangaren da take ne?" Jagoran abokan karawar kuwa sai gyaɗa kai yake yi. Nan ta ce, "Tunda kun yarda wannan ce hujjarku, ga inda ta karye." Ta nuna cewa duk binciken da suka dogara da shi a kan yaran firamare aka yi, ba ɗaliban kwaleji ba. Wanda ya riga ya gyaɗa kai ba shi da bakin cewa an juya masa magana. Zauren ya kaure da tafi.

Malama, ke ce kika yi ta dawowa daga gasa hannu wofi, washegari kuma ki buɗe ɗakin. Ke ce kika mayar da masu gardama masu saurare. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Sauran malamai kuma su duba su gani.

Akwai dalilin wannan kira. Tun kafin gasar, hukumar kwaleji ta yanke cewa duk ƙungiyar da ba ta da malami mai kula da ita a ƙarshen zango za a rufe ta, ɗakinta ya koma ma'ajiya. Na tambayi Malama ko kofin zai sauya wannan. Ta ce, "Kofi ba zai zo da yamma ya jera kujeru ba. Mutum ake nema."

Ya zuwa jiya, babu malamin da ya ba da sunansa.